Inna Hure ta tafi, takardar jikokinta tana cikin jakata

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shirya yara makaranta aka kira ni daga Sabon Birni, wai Inna Hure ta rasu. Ta ce kanta na sara mata, ta kishingiɗa a tabarma, shi ke nan.

Na ce wa mai kiran ƙarya yake yi, Allah ya yafe min. Shekaranjiya fa muna tare.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ungozoma ce. Shekara tara muna aiki tare a ƙaramin asibitinmu, ni ma'aikaciyar lafiya, ita mai rako mata awo da haihuwa. Ko harafi ɗaya ba ta iya karantawa, amma in ta dafa ciki ta ce yaron nan a gicciye yake, ba na musu da ita.

Sista mai biro take ce min. Wai ko atishawa mace ta yi sai na rubuta a kati.

Da hutun haihuwata ya ƙare ban sami mai reno ba, ita ta riƙa goya min Aliyu wata huɗu cur. Ranar awo kuwa ba ta zuwa hannu rabbana, ko kwaɗon zogale ko dafaffiyar gyaɗa a ƙullin zani. In na ce na ƙoshi ta ce ai ba tambayata ta yi ba.

Amma yau ba kukan rashinta kaɗai nake yi ba. Akwai abin da ta bar min, kuma wallahi ban san yadda zan yi da shi ba.

'Yarta ta fari ta rasu shekara biyu da suka wuce, ta bar yara biyu a hannun ubansu a Kabo: Fa'iza mai shekara bakwai, da Sadi mai huɗu. Uban fetur yake sayarwa a bakin titi. Tun bayan rasuwar matarsa ya faɗa shan ƙwaya. Jarkokin man a ɗakin da yaran suke kwana yake jibge su, in zai fita kuma ya danna musu kwaɗo ta waje, wai kada su yi yawo.

Inna ta taɓa zuwa ta wuni a gindin taga tana hira da su ta tsakanin ƙarafa. Sadi yana ce mata ta buɗe, tana ce masa maigidana yi haƙuri, mukullin ba ya hannuna.

Da uban ya ba ta aron su na sallah, ni na wanke wa Fa'iza ƙuna a hannu. Na tambaye ta garin yaya, ta ce ashana ta kyasta za ta kunna risho ta ɗumama wa ƙaninta tuwo.

A cikin wannan ɗakin. Kusa da jarkokin.

Bayan kwana uku uban ya zo ya kwashe su.

Babu inda matar nan ba ta je ba. Yayyensa, dattawan unguwa, abokan marigayi mijinta. Kowa ya ce ta yi haƙuri, 'ya'ya na uba ne, za a yi masa faɗa. Aka yi ta yi masa faɗa har ya haddace. Ni wannan haƙurin da ake ba wa tsohuwa alhali yara suna kulle da fetur, ban san sunansa ba.

Sai da wata lauya, ƙawar ƙanwata, ta zaunar da mu ta ce a shari'ar Musulunci da kotunanmu suke bi, in uwa ta rasu, kakar wajen uwa ce a gaba wajen riƙon ƙananan yara, matuƙar tana da lafiya da amana da wurin ajiye su. Uba yana nan a ubansa, shi zai ciyar, zai kuma ga 'ya'yansa. Ta ce balle ma ga hatsari a fili. Inna ta riƙe baki ta ce ashe duk wannan roƙon da take yi, tana da haƙƙi.

Ba ta gaya wa kowa ba ta hau mota ta tafi kotu.

Nan ne abin ya tsaya. Ku da kuka san mutanenmu kun san kunyar ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunan 'yarta ta fari ba, "waccan" take cewa, har ta mutu aka binne ta. Suruki kuwa ko hanya suka haɗu sai ta kauce. Rajistara ya ɗauki biro ya tambaye ta wa take ƙara, mene ne sunan uwar yaran. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Bawan Allah ya jira, ya sake tambaya a hankali. Ta tashi ta nemi takalmanta ta dawo gida.

Wata huɗu tana ɓoye min, in na tambaya ta ce an ce ta dawo.

Ranar da na gano na yi mata faɗan da ban taɓa yi wa babba ba. Na ce Inna kunya za ki ji ko gawa za ki ɗauka. Na ce to ni zan raka ki, amma ki bari mu gama aikin rigakafi tukuna.

Sati biyu na sa ta jira. Ni na yi wannan, ba wani ba.

Shekaranjiya sai ga ta, ba ranar awo ba, babu ƙullin komai a hannunta. Ta zauna a benci ta ce, "Sista, ɗauko biron naki."

Na ce ai na san sunayen, zan rubuta, ba sai ta faɗa ba.

Ta ce, "A'a. Alƙali ni zai tambaya, ba ke ba. Bari bakina ya saba."

Sannan ta ce, "Saratu. Sunanta Saratu." Ta maimaita sau uku, hawaye na bin wuyanta. Shekara talatin da haihuwarta, ranar ta fara kiran ta. Daga nan ta faɗi sunan surukin, da na ubansa, ba ta ko rage murya ba. Na rubuta takardar ƙarar, ta dangwala yatsa a ƙasanta, muka yi da ita ranar Litinin zan biyo mata mu tafi tare.

An kai ta makwancinta kafin azahar. Ba a kawo yaran ba.

Na kira lauyar ina kuka. Ta ce amfanin wannan takardar ya tafi da mai ita. Yanzu mai haƙƙi ita ce ƙanwar uwarsu, Ladidi, da take aure a Garo, amma sai ta shigar da ƙara da kanta. Na sami Ladidi a wurin makoki, tana so, tana tsoro. Mijinta ya ce shi ba ya son rigimar kotu a gidansa. Ni kuma ba dangi ba ce, ba ni da ta cewa a gaban alƙali.

Don girman Allah, duk wanda mijin Ladidi yake jin maganarsa a Garo, ya turo min saƙo. Duk wanda ya san ma'aikatan walwalar jama'a da za su iya zuwa su ga ɗakin nan da idonsu, ya turo min saƙo. Yau nake nufi, ba bayan sadakar uku ba. Yanzu haka da nake rubutun nan ban san ko ƙofar a buɗe take ba.

Ya Allah ka jiƙan Inna Hure, ka yafe mata, ka haskaka kabarinta, ka saka mata da Aljanna saboda duk jaririn da ya faɗo a hannunta. Ka sada ta da Saratu. Ka shiryi uban yaran nan. Ni kuma ka yafe min sati biyun nan.

Duk wanda ya karanta, ina roƙonsa ya yi mata addu'a, ya sa da yaran. Ku kira sunansu, kada ku ce "waɗancan". Fa'iza da Sadi.