Ranar da Gwadabe Bai Hau Dutse Ba

Na Allah ne mu duka, kuma ɗaya daga cikinmu ya riga mu komawa gare Shi. Ranar Lahadi, 18 ga watan Yuni, 1978, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Gwadabe Tela na unguwar Tudun Wada a nan Jos. Bai yi jinya ba. Yana zaune a dakalin ƙofar gidansa yana ɗaura igiyar takalminsa na hawan dutse, sai ya ce ƙirjinsa ya riƙe, ya jingina da bango, ya yi kalmar shahada. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Yaya Gwadabe, ni ne Ibrahim maƙwabcinka, mai shagon kayan keke a kasuwar Terminus, wanda ba ka taɓa kiransa da sunansa ba sai dai Tumbi. Na daɗe ina juya abin da zan faɗa a kanka. Wasu za su yi maganar ɗinkinka, wasu sahun farko da ba ka rasawa a masallaci. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a lokacin da muke shimfiɗe ka a zaure, amininka Ignatius Onyekwere, kafinta a Bukuru, yana can saman Dutsen Shere yana jiran ka, bai san komai ba. Mu kuma ba mu da lokaci, domin ba a kwana da gawa, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Wanda bai san ku ba zai ce, ai idan ya gaji da jira zai sauko. Ba zai sauko ba, kuma duk unguwa an san dalili.

A shekarar 1966, da gari ya rikice aka shiga farautar mutanen Gabas, Ignatius yana haya a gidan da ke jikin naka, shi da matarsa Adaeze da jaririyarsu Ifeoma. Da sassafe ka ɗauko babbar rigar wani da ka gama ɗinkawa ka sa masa, ka ɗora masa hula, mai ɗakinka Safara'u ta yafa wa Adaeze gyalenta. Ka bi da su ta gonaki har Shere, domin tun kana yaro ka san duwatsun nan, lokacin da mahaifinka ke aikin haƙar kuza. Ka shigar da su wani kogo ƙarƙashin faffaɗan dutsen da ke can ƙololuwa, ka ce, "Kada ku sauko sai kun gan ni." Guzurinsu ya ƙare, sanyi ya addabe su, jaririya ta yi kuka har muryarta ta dushe, amma ba su sauko ba. Kai kuma ka zo, ka kai su inda wata babbar mota ta ɗauke su zuwa kudu. Ba ka taɓa ba da wannan labari da bakinka ba, daga Adaeze muka ji shi.

Da yaƙin basasa ya ƙare suka dawo, suka zauna a Bukuru. Abu na farko da Ignatius ya roƙe ka shi ne ka sake kai shi dutsen nan, ya gan shi da rana, ba cikin tsoro ba. Daga nan abin ya zame muku al'ada. Kowace Lahadi, idan ya fito daga cocin sassafe, sai ya hau kekensa ya ɓullo ta kudu, kai kuma ka bi ta hanyar Lamingo, ku haɗu a sama. Dokarku ɗaya ce, wanda ya riga isa ba ya saukowa sai ɗayan ya zo. Idan ɗayanku zai yi tafiya, tun ranar Asabar yake aika wa ɗan'uwansa. Shekara bakwai ana haka ba wanda ya taɓa saɓawa.

Ni kai ka ja ni cikin wannan wahala. Ka ce mutumin da ke sayar da keke bai kamata ya kasa ganin yatsun ƙafarsa ba. Na ce maka ni ɗan kasuwa ne, ba biri ba. Duk da haka na bi ka, kuma na ga abin da ban taɓa zaton yana bayan garinmu ba: duwatsu a ɗore kan juna kamar an jera ƙwarya, gonakin acca kewaye da shingen ƙerana, ruwa mai sanyi yana ɓulɓulowa daga tsagin dutse, rema na leƙo mu suna komawa. Idan mutum ya waiwaya sai ya ga Jos gaba ɗayanta a shimfiɗe, da tsofaffin ramukan kuza da suka cika da ruwa suna ƙyalli.

Kana da naka tsarin tafiya. Wanda ya fi kowa rauni shi kake sawa a gaba, don kada a bar shi a baya, saboda haka kullum ni ne jagora, ina haki kana biye da ni kana dariya. Ba ka hawa sai da allura da zare a maƙale a hularka. Sau nawa muka tsaya a ƙauyen Jarawa da ke gindin dutse, kana zaune a kan turmi kana ɗinke wa wani tsoho aljihu ko kana gyara wa wata zanen goyo? Su kuma su cika maka jaka da gwaza, ka ɗora mini in ɗauka. Wata rana mun tarar da ɗan maraƙin Fulani ƙafarsa ta maƙale a tsagi. Ka cire rigarka ka ɗaure masa ƙirji muka ja, rigar ta yage, ka sauko gari da singileti kana ta ba'a cewa tela ne ya fi kowa yawo da tsumma.

Akwai wani ɓaure a tsakiyar hanya, nan ne iyakata. A nan nake zama da butar shayi in ce maka ka gaida sama. Kullum sai ka ce, "Tumbi, wata rana za ka hau." Ni kuma in ce, "Sai dai a ɗauke ni a mota, Yaya."

Ranar da ka rasu, da aka gama salati aka rufe ka, Safara'u ce ta fara tunawa. Tana cikin kuka ta aiko a gaya wa yayanka Malam Isa cewa kada a fita da kai sai Ignatius ya zo. Aka tura mutum Bukuru a ƙaramar bas, ya dawo ya ce Adaeze ta ce tun da aka tashi coci ya wuce. Liman ya ce za a iya jinkirtawa zuwa La'asar, amma ba za a wuce haka ba, ga ruwa na tafe, kuma kabarin da aka haƙa ba ya son ruwa. Aka dubi juna. Duk cikin waɗanda ke zauren nan ba wanda ya san hanyar sai ni.

Wani direban tasi ya ajiye ni a inda mota take ƙarewa. Yaya, na hau. Na wuce ƙauyen Jarawa, wata tsohuwa ta tambaye ni ina mai allura, na kasa ba ta amsa. Na wuce ɓauren ban ko dube shi ba. Daga nan kuma ban san hanya ba sai abin da nake ji kana faɗa, cewa a bi bakin rafi, a bar dutse mai tsagi a hannun dama. Hazo ya rufe, ruwa ya sauko, na zame na faɗi har gwiwata ta fashe. Na ɓata na dawo. Ina rarrafe da hannu da ƙafa ina kuka ina kiran sunanka, ina jin haushinka ma, wallahi, da ka zaɓi wannan rana.

Na sami Ignatius a zaune a kan faffaɗan dutsen, ruwa na dukan sa. Kogon yana ƙarƙashinsa, amma bai shiga ba, wai kada ka iso ka duba ka ga ba kowa. Da ya hango mutum cikin hazo ya miƙe yana murmushi. Da ya ga ni ne, ni kaɗai, sai murmushin ya ɗauke. Ya san ba abin da zai kawo ni saman dutsen nan da ƙafata sai abu ɗaya.

Ya ce, "Oga Ibrahim, ina ɗan'uwana?"

Na ce, "Ignatius, sai haƙuri. Tashi mu tafi, ana jiran ka."

Ya koma ya zauna, ya dafe kansa da hannu biyu. Can ya ce, "Shi ya ce in jira. Kullum yana zuwa. Ko ruwa, ko rana, yana zuwa." Ban taɓa ganin babban mutum yana kuka irin wannan ba, ba sauti, sai kafaɗunsa ke rawa.

Saukowa ta fi hawa wuya. Dutse ya yi santsi, gwiwata ta kumbura. Na roƙe shi ya bar ni ya yi gaba, ya ƙi, ya ce ba haka ka koya masa ba, ya sa ni a gaba yana riƙe da rigata ta baya. Muna tsakiyar gonaki muka ji kiran sallar La'asar daga nesa.

Da muka isa maƙabarta jama'a sun watse. Ba laifin kowa ba ne, sun jira iyakar abin da za a iya jira, an yi maka salla, an sa ka a makwancinka. Amma daga bakin ƙofa muka hango mutum ɗaya a tsugune. Malam Isa ne, da tsufansa da ciwon bayansa. Ruwan da ya jiƙa mu a dutse ko ɗigo bai sauka a gari ba, ƙasar kabarin a bushe take, kuma ya hana kowa yayyafa ruwan da ake yayyafawa a ƙarshe. Ya ce wa mutane su tafi, wannan aikin yana da mai shi.

Ya miƙa wa Ignatius buta. Ignatius ya girgiza kai, ya kwance wata gora daga kafaɗarsa. Sai a lokacin na san cewa duk Lahadi shi yake hawa da ruwan alwalarka, don kada ka sha nauyi. Ya durƙusa ya yayyafa shi a hankali daga kai har ƙafa, bai bar ɗigo ba. Sannan ya ce, da irin Hausarsa, "Gwadabe, na jira. Yanzu na sauka."

Yaya, ban iya rubutu mai daɗi ba, kuma na san da kana nan da ka ce Tumbi ya cika surutu. Amma zuciyata ta karye, kuma ba na jin kunyar faɗa. Mun yi rashin mutumin da idan ya ce zai zo, to zai zo.

Ya Allah, ga bawanka Gwadabe ya iso gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanyaya shi. Ya ɓoye bayinka a ranar tsoro, Ka ɓoye shi a inuwar rahamarka ranar da ba wata inuwa. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen idan lokaci ya yi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa Safara'u, da 'ya'yansa Balaraba da Kubra, da yayansa Malam Isa, da 'yan'uwansa teloli na Terminus, da mutanen gindin Shere waɗanda suka sauko gari da ƙafa washegari don yin gaisuwa. Allah Ya ba ku haƙurin jure wannan rashi, Ya raya abin da ya bari. Wanda kuma bai samu zuwa ba tukuna, idan ya shiga zauren makoki ya ga wani kafinta mai kuros a wuya zaune a tabarmar dangi, kada ya wuce shi. Malam Isa ne ya zaunar da shi a nan, cikin masu karɓar gaisuwa.