Lodin Maharazu a Bakin Ruwan Yawuri

Maharazu ƙanen mai gidana ne, Allah ya jiƙan mai gidan. Tun yana saurayi yake lodi a tashar Sheme, inda ba a cewa mota ta cika sai ƙofa ta ƙi rufuwa. Da aiki ya ja baya sai ya tafi Yawuri, garin bakin tafki, inda kifi da albasa da mutane duk a jirgin ruwa suke isowa kasuwa. Wani Alhaji mai jirgi ya ɗauke shi aiki.

Ranar kasuwa ya cika jirgin da buhuna, ya ci gaba da kiran mata yana cewa su matsa, akwai wuri. Alhajin ya iso ya tarar ruwa ya kusa taɓa bakin jirgi.

Ya ce, "Kai Bakatsine, wuri ka gani, ruwan fa? Sauke rabi, ka kama hanya."

Ya dawo Sheme kafin damina. Yanzu da ya ga bayan mota ya sunkuya sai ya hana ƙarin fasinja. Direbobi sun daina kiransa, yakan yini zaune a benci.