Talabijin daga Kan Tabarmar Inna

Duk gidanmu mun yi kuskure, har da ni mai ganin na fi kowa wayo. Idon Inna muka ɗora wa laifi, alhali laifin na talabijin ne da inda muka kafa ta.

Yayana ne ya sayo ta a Makarfi, shekarar da rakensa ya yi kyau. Irin shafaffiyar nan ce ta bango, wadda kowa ke kira filasma, ko da yake mai shagon ya nace sunanta el-si-di. Tare muka je. Muka duba faɗinta, muka ƙure murya mu ji ko za ta yi gargada, muka tambaya ko batirin solarmu zai ɗauke ta. Na sa aka kamo tashar ƙwallo, ciyawa ta fito kore shar. Duk a tsaye muka yi wannan, gilashin daidai fuskarmu.

Da muka dawo garinmu Gazara, Yaya ya kafa ta can sama kusa da rufi, wai saboda hannun yara, kuma abu mai daraja ba a ajiye shi ƙasa. Baba ya zauna a kujerarsa daga ƙarshen ɗakin, ya ce masha Allah. Inna kuwa ta shimfiɗa tabarmarta inda ta saba tun zamanin tsohuwar talabijin mai doro, wato dab da gindin bangon. Ita ce ta fi kowa kallo. Da hantsi, in maza sun tafi gona, sai ta ɗauko faifan gyaɗa a kamo mata tashar Makka.

Ran nan ta ce, "Wai yau hadari ake a Makka ne?"

Yaya, da bai je gona ba ranar, ya yi dariya. "Inna, rana ce tsaka a can."

"To masu haramin me ya sa suka yi baƙi?"

Ina tsaye a bakin ƙofa da kwano a hannu, na waiga na ga farare tas. Na ce, "Inna, idonki ne." Haka na faɗa, ko tausasawa babu, na wuce madafi. Ni dama ba na zama kallo, a tafe nake yi.

Na manta cewa mahaifiyarta a makance ta rasu. Ita ba ta manta ba. Ta daina tambaya, ta daina ɗaga kai, sai sauraro. Bayan kamar sati biyu na same ta tana tafiya daga ɗakinta zuwa wurin randa, ido a rufe, leɓenta na motsi.

"Inna, me kike yi haka?"

"Taku nake ƙirgawa. Gara in koya tun da sauran gani."

Ranar ban yi tsiwa ba. Na zauna a tabarmarta in taya ta ɓarar gyaɗa, abin da na daɗe ban yi ba, sai na ɗaga kai. Hoton ya dushe kamar an shafa masa toka, fari ya koma duhu-duhu, fuskoki ba sa ganuwa. Na miƙe, ya washe. Na zauna, ya dushe. Sau uku ina yi kafin na kama hannunta na ce ta tashi tsaye. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe suna nan."

Na ce to ta riƙa zama a kujera. Ta harare ni. "Ni da kujera, a gaban babanku? Kin ji ki da wata magana."

Da yamma na tari Yaya. Ya ce, "Ke da sakandarenki ba ki san inda ake kafa filasma ba? Je ki Zariya ki ga gidajen mutane."

"Zo ka zauna nan ka ɗaga kai, minti ɗaya."

"In zauna a ɓawon gyaɗa? Sarkin iyayi, a kai Inna asibiti kawai."

Bai zauna ba. Ban kuma ce mai shago ya cuce mu ba. Talabijin ɗin tana da kyau ga wanda ke daidai da ita, haske da launi ba laifi. Irin gilashinta ne ba ya son a kalle shi daga ƙasa, mu kuma babu wanda ya tuna ya durƙusa a shagon, don babu wanda ya tuna daga ina Inna take kallo.

Ba kuma zan rantse idonta lafiya lau yake ba, na ga yadda take nesanta allura kafin ta zura zare. Amma ba zan bari ta ci gaba da koyon makanta saboda ƙusa huɗu ba. Na aro sukundireba, abin kwance ƙusa, a maƙwabta. Gobe Yaya na fita gona zan sauke ta, in ɗora a ɗan teburin ɗakina, in jingina ta da bango daidai fuskar mai zaune a ƙasa. Zan ba Inna kwana bakwai. In har ta sake ganin duhu, ni da kaina zan sa ta a mota zuwa asibitin Zariya.