Filashin da Ya Hana Kwamfutata Tashi

Shekarata ta biyu ke nan da buɗe shagon buga takardu a Daura lokacin da abin ya faru. Wata Laraba da safe na kunna kwamfutata, maimakon ta nuna hoton da na saba gani, sai allon ya yi baƙi ƙirin, da ɗan rubutun Turanci a sama. Na kashe, na sake kunnawa. Haka dai.

Ga wani dattijo da ya zo tun daga Mashi a kan babur yana zaune yana jira. Jiya ya kawo filashi mai ɗauke da hotunan gonarsa, zan haɗa masa da takardar shaida.

"'Yata, lafiya dai?" in ji shi.

"Lafiya lau, Baba," na ce. Aikin shekara biyu na cikin na'urar nan.

Na leƙa na kira maƙwabcina mai gyaran waya. Ya zo ya dubi allon, ya zagaya baya, ya zare filashin dattijon da na manta a jikin kwamfutar tun jiya, ya kunna. Sai ga ta ta tashi garau.

"Malam, me ka yi mata?"

Ya ce akwai wani ɗan shiri da aka dasa a jikin injin tun daga masana'anta, shi ke fara farkawa. Yana da jerin wuraren da zai nemi abin da zai tayar da kwamfutar, ɗaya bayan ɗaya. A tawa, filashi ne a sahun farko, rumbun ciki, wato ma'ajiyar da ke cikin injin, a sahu na biyu. Ya taras da filashi, ya ɗauka abin yana nan, sai ya tsaya.

"To da bai samu ba, me ya hana shi wucewa gaba?"

"Wani filashin yana ruɗa shi, Hajiya."

"Kuma in kwamfutar ba ta tashi ba, wa ke karanta jerin?"

Ya sake bayani. Ya danna wani maɓalli, allo mai shuɗi ya fito, ya mayar da rumbun ciki sama. Ina ta gyaɗa kai, amma ban gane ba.

Dattijon kuwa ya ƙi karɓar filashinsa da hannu, wai kada abin da ke jikin filashin ya bi hannunsa ya je ya lalata wayar matarsa. Sai da na naɗe masa shi a takarda.