Shekara Tara da Sunan Auta

A layin da ke bayan kotu, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da ambulan, akwai wani shago da faɗinsa bai kai katifa biyu ba. Ciki akwai injin kwafi mai tari kamar tsohon mashayin taba, da kwamfuta guda, da fanka wadda ta daina waiwayen hagu tun tuni, sai wani mai furfura a gemu da duk layin ke kira Malam Mataki. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ka tambaye shi ina banɗaki yake, sai ya ce, "Mataki na ɗaya, fita ka yi dama. Mataki na biyu, toshe hanci."

Abin da yake ci da shi buga wa mutane takardu ne: rantsuwar ɓatan kati, canjin suna, wasiƙar neman aiki. Amma ka kira shi mai buga takardu ka ga ɓacin rai. Shi a wajensa marubuci ne, kuma littafi ɗaya ya yi shekara tara yana rubutawa.

Ƙanin matarsa, Auta, shi ya jefa shi ciki. Auta ya yi karatun kwamfuta, ya shiga cikin wasu mutane da ke warwatse a duniya suna haɗa manhajar ajiye katin marasa lafiya a ƙananan asibitoci. Irin manhajar nan ce da ba ta da mai ita: kowa na iya ɗauka kyauta, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara, kuma ba wanda ke biyan wani. Manhaja ta yi kyau, sai dai ba mai iya sarrafa ta in ba waɗanda suka haife ta ba. Ranar da Auta ya nuna wa mijin yayarsa bayanin da suka rubuta mata, Malam Mataki ya karanta layi uku ya zare tabarau.

"Wannan wa kuka rubuta wa? Aljanu?"

"Yaya, ai komai a fili yake."

"Filin wa? Malamar asibitin da ke da mutum arba'in a benci, yara na ihu, ita za ta tsaya warware wannan ƙulli? Miƙo mini shi nan."

Da haka aka soma. Kuma yana da tasa hanyar. Duk shafin da ya rubuta, sai ya kai shi gaban matarsa kafin ya yarda ya zama shafi. Ita tela ce, ba ta ƙaunar kwamfuta, kuma ba ta ɓoyewa. Ranar hutu zai janye ta daga keken ɗinki, ya zaunar da ita gaban allo, ya miƙa mata takarda, shi kuma ya zauna a kan tafukan hannunsa don kada ya nuna mata komai. Inda duk ta tsaya, nan laifin yake, kuma laifin nasa ne.

"Ka ce in danna maɓallin ajiya. Ina yake?"

"Ba na magana."

"To ni ma ba na dannawa."

Sai ya zaro hannu, ya ɗauki jan biro, ya ƙara da cewa maɓallin yana can ƙasa ta dama, kore ne. Alƙaliya yake ce mata, don a cewarsa ba ta taɓa sallamar shafi a zaman farko ba. Akwai shafin sake buɗe katin da aka goge bisa kuskure: sau goma sha ɗaya ta maido masa da shi. Da shafin ya fita, ma'aikatan jinya daga ƙasashen da bai san yadda ake faɗin sunansu ba suka riƙa rubuto godiya a dandalin masu manhajar.

Ga inda gizo ke saƙar. Masu irin wannan aiki suna da kundi a intanet, buɗe ga kowa. Duk gyaran da aka yi, komai ƙanƙantarsa, yana shiga da sunan wanda ya ɗora shi, da rana, da sa'a. Kundin shi ne shaida, shi ne takardar makaranta, shi ne fuskar mutum. Don ka ɗora, sai ka yi rajista da sunanka, ka koyi wasu 'yan umarni da ba su wuce shida ba. Auta ya so koya masa tun farko, wannan kam gaskiya ne. Malam Mataki ya kaɗa hannu.

"Ni in rubuta, kai ka ɗora. Wanda ya yi girki ba dole ne shi zai ɗauki faranti ba."

Kowane mako sai ya tura wa Auta shafuka ta imel, Auta ya ɗora. Shafi ɗari uku da arba'in. Mutumin da ke rubuta wa duniya yadda za ta danna maɓalli, umarni shida suka gagare shi saboda ƙiwa.

Cikin shekarun nan Auta ya yi gaba. Wani babban kamfani a ƙetare ya ɗauke shi, ya tafi da iyalinsa, ya yi tumbi. Shagon bayan kotu kuwa baya ya yi ta yi, don yanzu kowa a wayarsa yake buga abinsa, sai tsofaffi da waɗanda wayarsu ta faɗa ruwa ke leƙowa.

Sai ga sanarwa a dandali: wata gidauniya ta tallafa wa manhajar, za a ɗauki mutum ɗaya aiki na dindindin, marubucin bayani, daga gida, da albashi. Mai nema ya turo shafi uku na aikinsa. Malam Mataki ya karanta sau biyu, ya kashe fanka don ya ji daɗin karantawa na uku. Yana da shekara hamsin da uku, kuma karon farko ke nan da aka yi tallan aikin da ya san babu wanda ya kai shi a ciki. Ya zaɓi shafuka uku mafi kyau, har da na katin da aka goge, ya tura. Da yamma ya ce wa Alƙaliya ta soma tunanin inda za a sa sabon teburi.

Ran Talata amsa ta zo daga shugabar aikin, matar da bai taɓa gani ba. Ta ce shafukan da ya turo an kwafo su ne kalma da kalma daga littafinsu, wanda wani daɗaɗɗen abokin aikinsu ya rubuta, kamar yadda kundi ya nuna. Ta ce ba sa wasa da irin wannan. In yana da bayani, tana jira zuwa Juma'a.

Ya yi dariya har mai gyaran agogo ya leƙo. Sannan ya kira Auta.

"Surukina na ƙetare, albishirinka. An kama ni ina satar wandona."

Auta bai yi dariya ba. Ya saurara har ƙarshe.

"Layi biyu kawai nake so," in ji Malam Mataki. "Ka ce mata ni ke rubutawa, kai ke ɗorawa. Ko in rubuto maka ka ɗora?"

"Yaya, akwai matsala."

"Ina jin ka."

"Lokacin da kamfanin nan zai ɗauke ni, littafin ne ya fi burge su. Masu haɗa manhaja suna da yawa, masu iya bayani ne babu. Suka tambaya, ni kuma... ai sunana ne a kai. Kuma ita wannan shugabar ce ta rubuta mini takardar shaida."

"Ka ce musu kai ka rubuta."

"Ban ce ba ni ba ne."

"Kai da ko wasiƙar neman aurenka ni na gyara maka."

"Yaya, don Allah. In maganar nan ta fito, aikin ya tafi, takardar izinin zama a ƙasar ta tafi. Ka bari in ga abin da zan iya yi maka ta wata hanya."

"Wace hanya? Mataki na ɗaya?"

Auta ya ce ana kiransa taro.

Ba sai da Auta ba, wannan Malam Mataki ya sani. Imel ɗari huɗu da wani abu suna nan, kowane da ranarsa, kowane ya riga kundi da kwana ɗaya ko biyu. Ran Laraba ya tattara su wuri guda. Ran Alhamis da safe ya tsaya a kan matarsa tana ɗinka hannun riga. A ɗakin ciki Inna, uwarsu ita da Auta, tana kwance da kumburarrun ƙafafu, kusa da kwalin maganin da Auta ke aikowa duk wata.

"Alƙaliya, yau shari'a ta gaske na kawo."

"Auta ya kira ni jiya," ta ce, ba ta ɗago ba. "Yana kuka, ƙaton banza."

"To?"

"To me? Ni na san wanda ya rubuta. Ni na ci wuyar kowane shafi."

"Ke ba kya cikin kundi."

Ta tsayar da keke, ta ciji zare. "In ka tura, ba zan ce ka yi ƙarya ba, kuma ba zan ce ka yi zalunci ba. Haƙƙinka ne. Amma kai za ka shiga ka yi wa Inna bayani. Ka iya bayani."

Ya dubi labulen ɗakin ciki. Inna ta yi tari, ta kira shi da "ɗan nan", ta tambaya ko ya karya. Ya ce ya karya.

Ran Juma'a ya buɗe shago da wuri. Ya liƙa tarin imel ɗin a jikin wasiƙar da zai tura wa shugabar, ya zauna yana kallo har shayinsa ya huce. Sannan ya cire su. Ya rubuta wa shugabar cewa ya yi kuskure, a yi haƙuri, ya janye neman aikin. Bai taɓa rubuta abin da ya kai wannan gajarta ba, kuma bai kai shi gaban kowa a duba ba.

Shugabar matar kirki ce, shi ya ƙara lalata abin. Ta amsa da cewa ta yaba da gaskiyarsa, ba kowa ke iya amsa laifi ba. Ta ce kada ya karaya, da alama yana da sha'awar aikin, kuma hanya mafi kyau ita ce ya nazarci littafin da kyau, ya lura da yadda marubucin ke tausaya wa mai karatu. Ta ce ta sa marubucin a cikin wannan wasiƙa, mutum ne mai sauƙin kai, tana fata zai yarda ya koya masa.

Kafin azahar Auta ya amsa musu su biyun. Ya ce da farin ciki.

Malam Mataki ya buga wasiƙun a takarda, ya kai gida, ya karanta wa matarsa da murya irin ta mai labarai. "Kin ji, na samu malami." Ya jira ta yi dariya. Ta ci gaba da taka keke, sai dai babu ƙyalle a ƙarƙashin allurar.

Wata mata aka ɗauka aikin, kuma an ce tana ƙoƙari. Shi yana nan bayan kotu, yana tsokanar mai ambulan, bakin bai mutu ba. Auta ya aiko masa da sabuwar kwamfuta, tana kan kabad a cikin kwalinta, Alƙaliya tana ɗora guntayen yadi a kai. Tun daga ranar bai sake tura shafi ba. A dandali kuwa har yau ma'aikatan jinya suna tambayar Auta me ya sa ya daina rubutu. Yana cewa aiki ne ya yi masa yawa.