Zaɓe Irin na Amurka a Babban Duhu

Yasore zuwa Batsari

Ana sallame sallar asuba na haye babur ɗin Lawwali ɗan acaɓa. Yaya Sale ne ya aiko cewa ƙungiyar manoman garinmu, Babban Duhu, za ta yi zaɓe, kuma Alhaji Bala na neman ƙwace makullin ɗakin taki daga hannunsa. Mai makullin nan shi ke faɗin gonar da za ta ga taki, tawa kuwa tana can. A shingen 'yan sa-kai na ce zaɓe za ni. Ɗayansu ya ce, "Allah ya sa a ƙirga da kai, Baba."

Batsari zuwa Safana

Na sha koko da ƙosai a tasha, na shiga bas. Rediyo na ta labarin zaɓen Amurka. Direba ya ce, "Malam, wai can sai mutum ya fi kowa ƙuri'a kuma ya faɗi?" Na ce sharrin 'yan rediyo ne, mutanen da suka je duniyar wata ba ƙirga zai gagare su ba.

Babban Duhu

Na iske an taru a gindin tsamiya. Ashe Hadi sakatare, ɗan ƙanen Alhaji Bala, wanda ba ya ɗaga kai daga waya, ya kawo tsarin Amurka: kowace unguwa da wakilanta, wanda ya rinjaya a unguwa ya kwashe su duka. Yaya kuwa da ya ji an ce Amurka, bai ko tambaya ba ya yarda.

Unguwarmu kaf ta ɗaga wa Yaya hannu. Alhaji ya ci sauran unguwanni biyun da ƙyar. Yawan hannuwa na Yaya, yawan wakilai na Alhaji.

Raina ya ɓaci. Na ce, "To ni da na yi sammako fa?"

Hadi ya ce, "Kawu, unguwarku da ma ta Baba Sale ce. Da zuwanka da rashinsa duk ɗaya."

Yaya ya miƙe ya kaɗe riga. "Hadi, can Amurkar, wanda ya faɗi yarda yake yi?"

Hadi ya sosa ƙeya. "Ba kullum ba, Baba."

"To a bi tsarin har ƙarshe." Ya soke makulli a aljihu ya yi gida.

Komawa

Kafin magariba na iso Yasore lafiya, godiya ga Allah da Lawwali. Washegari aka ce Alhaji Bala ya ƙara nasa kwaɗon a ƙofar ɗakin. Yau kwaɗo biyu ke gadin taki, gerona kuwa ya yi jawur.