Fitilun Gidan Aling Leonora

Mang Crisanto mai aski ne, amma da zarar Satumba ta kama, mutanen unguwa suka fara kafa bishiyar Kirsimeti tun da wuri kamar yadda aka saba a ƙasarsu, sai askin ya koma na safe da rana kawai. Rana na yin sanyi zai rufe shago, ya bi gida-gida yana duba fitilu. Ba wanda ya sa shi. Shekara goma sha tara da suka wuce waya ta yi zafi a jikin wata bishiya, gidajen katako arba'in suka ƙone, har da ƙanwarsa a ciki. Tun daga nan bai yarda da gani da ido ba. Sai an kunna fitilu sun yi rabin awa, sannan ya bi wayar da bayan hannu tun daga soket har ƙarshe. In ya ji ɗumi, almakashinsa ke raba gardama. Matan unguwa na ce masa uban shisshigi, amma kowacce tana ajiye masa kofi da wainar shinkafa.

Gidan Aling Leonora ya bari a ƙarshe, don ya san abin da ke jiransa. Bishiyarta busasshen reshen gwaiba ne da aka shafa wa farin fenti, aka kafa a gwangwanin madara cike da yashi. Fitilun kuwa na marigayi mijinta Rodolfo ne, tsofaffi masu kaurin gilashi, ja da kore da ruwan ɗorawa, tun na shekarar aurensu. Bana ce Kirsimetinta ta farko ba shi.

"Shigo, sarkin ɓarna," in ji ta. "Ka taɓa min su a hankali, sun girmi haƙoran nan naka na roba."

"Ai komai nawa a hankali yake yanzu, Leonora."

Ya durƙusa da ƙyar, ya bi wayar. A reshe na uku ya tsaya. Robar ta tsage, wurin da ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi. Gaba kaɗan ma haka, can gaba ma haka. Abin ya wuce a naɗe da salatif.

Ta gani a fuskarsa. "Kada ka faɗa. Bar min su na bana kawai. Kullum ina zaune kusa da su."

"Ƙanwata ma kusa da nata take zaune."

Tausayinta ya kama shi sosai, ga shi shekara talatin yana yi wa Rodolfo aski. Duk da haka ya zare fulogin, ya datse shi, ya jefa aljihu. Ta juya ta shige kicin, ko kofi ba ta kawo ba.

Ya koma shago ya kwance ƙananan fararen fitilun da ya zagaye madubinsa da su, irin na yanzu marasa zafi. Ya dawo ya zauna a ƙasa da zare, yana ɗaure kowane ƙaramin ƙwai a bayan tsohon gilashi, ɗaya bayan ɗaya, har sittin. Da ya kunna, ja ya fito ja, kore ya fito kore.

Ta fito tana goge hannu a siket, ta daɗe tana kallo.

"Na Rodolfo ƙyaf-ƙyaf suke yi," ta ce.

"Wannan kam ban iya ba."

Ta ja kujera ta zauna gaban bishiyar, ta miƙo masa tafin hannu ba tare da ta dube shi ba.

"Ba ni fulogin."

Ya ciro ya sa mata, ta dunƙule hannunta a kai.